Lambar da sai an kwana 474 ana karanta ta

Idan mutum ya zauna yana karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya kwashe kwana 474 da ɗoriya kafin ya kai ƙarshen wannan lamba. Alƙalumanta 41,024,320 ne, kuma ita ce mafi girma da aka sani a cikin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da ke raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 11.

Ana samun ta ne idan aka jera 2 har sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Irin waɗannan su ake kira lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ɗan Faransa da ya nazarce su a ƙarni na 17. Sai dai ba kullum dabarar ke ci ba. Jera 2 sau uku a cire 1 yana ba da 7, wadda ba ta rabuwa, amma sau 11 yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Shi ya sa har yau guda 52 kacal aka gano.

Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia a Amurka, shi ya gano ta a watan Oktoban 2024 ƙarƙashin shirin GIMPS, wanda ’yan sa-kai suka fara a 1996. Ya yi hayar dubban na'urori a ƙasashe 17. Wata da ke Dablin ce ta fara nuna alama, washegari wata a jihar Teksas ta tabbatar. Rahotanni sun ce ya kashe kusan dala miliyan 2, ladan da shirin ke bayarwa kuwa dala 3,000 ne.

Lambar ta zo da ’yar rakiya. Tun zamanin Yuklid na Girka aka san cewa kowace lambar Mersenne marar rabuwa tana haifar da “cikakkiyar lamba”, wadda idan aka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, sai a dawo kanta. Daga 3 ake samun 6, domin 1 da 2 da 3 sun tashi 6. Daga 7 ake samun 28. Wadda sabuwar ta haifa tana da alƙaluma sama da miliyan 82.

Me za a yi da ita? A gaskiya, ba wani abu tukuna. Tsaron bankuna da saƙonnin intanet ya dogara da lambobi marasa rabuwa, amma masu alƙaluma ɗaruruwa. Wannan ta yi girman da ba za ta shiga aikin ba. Abin da ke damun masana lissafi daban ne: Yuklid ya tabbatar cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka, amma babu wanda ya iya tabbatar da hakan a kan na Mersenne.

Gidauniyar EFF ta Amurka ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara gano mai alƙaluma miliyan 100.