Ko Kun Sani? Kwaɗo Ba Ya Shan Ruwa Da Baki

Duk zaman da kwaɗo yake yi a bakin ruwa, bai taɓa kurɓarsa ba. Ta fata yake sha. A ƙasan cikinsa da cinyoyinsa akwai fata mai laushi da ke tsotse ruwa idan ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta fatar kuma yake yin wani ɓangare na numfashinsa.

Wannan baiwa ita ce kuma rauninsa. Fatar da ke shigar da ruwa ba ta tace guba. A gonakin shinkafar Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai har cikin rani, maganin ciyawa da na ƙwari da aka fesa yana iya shiga jikin kwaɗo kai tsaye, alhali shi ne mai cinye ƙwarin gona kyauta. Shi ya sa masana ke auna lafiyar ruwa da yawan kwaɗin da ke cikinsa. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗo suna fuskantar barazanar ƙarewa, abin da ya zarce na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa.