Sassan Jini da Gwajin Dacewa: Abin da Neman Leda Ba Ya Iya Cikewa

A Badarawa ta Kaduna da maƙwabtanta irin su Malali, Unguwar Dosa da Kawo, idan likita ya ce a ƙara wa majiyyaci jini, abin da iyali suka sani shi ne a fita neman leda: a kira ƙanne da abokai, a yi sanarwa a masallaci bayan an idar da salla, a kwashi matasa zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada domin a ɗebi jininsu. Wannan zumunci ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, sai dai ya ginu ne a kan zaton cewa jini abu ɗaya ne, alhali likitoci sun daɗe suna kallonsa a matsayin haɗin sassa daban-daban, kowanne da aikinsa da yanayin ajiyarsa da tsawon kwanansa.

Idan aka saka ledar jini, wadda ke ɗaukar kimanin mililita 450, a cikin na'urar da ke juya ta da gudu, jajayen ƙwayoyin jini masu kai iskar shaƙa ga gaɓoɓi kan kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya da ake kira filasma, wanda ya kai kusan kashi 55 cikin ɗari na jinin mutum, ya taso sama. Daga tsakaninsu ake tace filatilet, wato ƙwayoyin daskarar da jini. Jajayen ƙwayoyi sukan yi kwana 35 zuwa 42 a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, filasma kuwa idan aka ƙanƙarar da shi yakan shekara. Da wannan rabo leda ɗaya za ta amfani mutum uku, kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini zai samu jajayen ƙwayoyi kawai, ba tare da an ɗora wa zuciyarsa nauyin ruwan da ba ta buƙata ba.

Filatilet ne suka fi wuyar sha'ani. Ɓargo ne ke samar da su, suna yin kwana 7 zuwa 10 a jiki, kuma aikinsu shi ne taruwa a bakin jijiyar da ta tsage su toshe ta kafin gudan jini ya yi ƙarfi. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowane mikrolita na jininsa. Idan adadin ya faɗi sosai sai a ga dasashi na zubar da jini, haɓo ya ƙi tsayawa, ƙananan ɗige-ɗige ja su feso a ƙwauri, a mafi munin hali kuma jini ya ɓalle a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Masu sankarar jini, da waɗanda maganin sankara ya danne musu ɓargo, da mai jegon da ta zubar da jini har daskarewarsa ta rikice, su ne suka fi buƙatar wannan sashe, kuma ga wanda ɓargonsa ya gaza akan ƙara masa tun kafin zubar jini ta fara idan adadin ya sauka ƙasa da 10,000. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan rage su, amma galibi sukan dawo da kansu da zarar an yi maganin cutar, don haka ba kowace raguwa ce ke neman ƙari ba.

Ba a saka filatilet a firji. Ana ajiye su ne a ma'aunin digiri 20 zuwa 24, a kan wata na'ura da ke girgiza su a hankali dare da rana, kuma ba su wuce kwana biyar, domin ɗumin da ke raya su shi ne kuma ke raya ƙwayoyin cuta idan sun samu shiga. A garin da zafin bazara kan haura digiri 35, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, wannan na nufin janareta da na'urar sanyaya ɗaki da ba za su huta ba. Babba ɗaya yana buƙatar abin da aka tace daga leda huɗu zuwa shida, ko kuma na mutum guda da aka zaunar a kan na'urar da ke zaɓe filatilet ta mayar masa da sauran jininsa. Ledar jini sukutum da ta kwana biyu a firji ba ta maye gurbin wannan, komai yawan 'yan'uwan da suka miƙa hannu.

Dacewar jini kuwa ta samo asali ne daga binciken Karl Landsteiner a birnin Biyana na Ostiriya a 1901, wanda ya kai ga gano rukunan A, B da O, aka ƙara AB jim kaɗan bayan haka, sannan a 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana alamar Rh da ake rubutawa da ƙari ko ragi a gefen rukuni. A jikin jajayen ƙwayoyi akwai alamomi, a cikin filasma kuma akwai sinadaran kariya da ke far wa alamar da ba ta mai jikin ba, shi ya sa ba mai rukunin O jinin A kan jawo zazzaɓi da ciwon baya da fitsari mai duhu da gazawar ƙoda, har ma da mutuwa. Saboda haka ma'aikacin ɗakin gwaji yakan tantance rukunin ɓangarorin biyu, ya binciki jinin mai bayarwa don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, sannan ya haɗa ruwan jinin majiyyaci da ƙwayoyin mai bayarwa a ɗumin digiri 37, ya duba ko sun dunƙule. Cikakken gwajin kan ci kusan awa guda, kuma iyalin da ke matsa wa ma'aikaci lamba ya gaggauta, ko da tausayi ne ya sa su, majiyyacinsu suke jefawa cikin haɗari.

Mutane biyu ne batun dacewar jini ya fi shafa a ƙasar Hausa. Mai amosanin jini, wato sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, yakan karɓi jini sau da yawa, kuma kowane ƙari na iya sa jikinsa ya haifar da sababbin sinadaran kariya ga ƙananan alamomin da gwajin rukuni kawai ba ya nunawa, har a wayi gari jikinsa ya ƙi karɓar jinin rukuninsa ma. Ta biyu ita ce mace mai alamar ragi da ke ɗauke da cikin ɗa mai alamar ƙari, wadda ke buƙatar allurar kariya cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, in ba haka ba 'ya'yan da za su biyo baya na iya zuwa da shawara mai tsanani. Irin wannan dalili ne ya sa likitoci ba su son a ƙara wa mace mai sauran haihuwa jinin mijinta, ko da rukuninsu ya zo ɗaya.

Duk waɗannan ayyuka, rabawa da tacewa da zaɓen ledar da ta dace, suna yiwuwa ne idan jinin yana ajiye kafin majiyyaci ya iso, abin da tsarin kawo ɗan'uwa ranar buƙata ba zai taɓa samarwa ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa a 2021 ta ɗora mata tara jini daga masu bayarwa don Allah, ba don kuɗi ba, kuma cibiyarta ta shiyyar Arewa maso Yamma tana nan Kaduna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ƙasa na buƙatar aƙalla leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara, kuma namiji mai lafiya da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 na iya bayarwa duk wata uku, mace kuma duk wata huɗu. Ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai da coci-coci na Badarawa, waɗanda tuni su ake kira idan ta ɓaci, su ne suka fi cancanta su riƙe rajistar masu bayarwa da rukunin kowa, su kuma tsara zuwansu bi da bi a tsawon shekara.