Kwana 384 na Musa Kaka

Ranar Alhamis 20 ga Satumba 2007, ana cikin azumi, jami'an tsaro suka shiga gidan rediyon Sarauniya da ke Yamai suka fita da shugabansa, Musa Kaka. Bai sake kwana a ɗakinsa ba sai ranar Talata 7 ga Oktoba 2008. Ƙaramar salla biyu da babbar salla ɗaya duk a gidan kason Yamai suka same shi, alhali babu kotun da ta taɓa yanke masa hukunci.

Duk mai sauraron rediyo a Nijar ya san muryar mutumin. A lokacin shi ne wakilin Rediyon Faransa, RFI, a ƙasar, kuma tun tawayen Abzinawa na farko, wanda aka kashe wutarsa da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, yake kawo labarin arewa. Yana da wani aiki na uku da mutane ba su cika sani ba: shi ne wakilin RSF, ƙungiyar nan mai kare 'yan jarida da ke da mazauni a Paris. In an kama ɗan jarida a Damagaram, ko an rufe gidan rediyo a Agadas, Musa ne ke bincikawa ya rubuta ya aika duniya ta ji. A wannan Alhamis ɗin mai rubuta sunayen kamammu ne da kansa ya shiga jerin.

Abin ya samo asali ne daga watan Fabrairu na shekarar, lokacin da wasu masu ɗauke da makamai suka kai hari Iferwan, can cikin duwatsun Ayar. Suka kira kansu MNJ, ƙarƙashin jagorancin Aghali Alambo, suna cewa ba a cika alkawuran 1995 ba, kuma arzikin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ba ya amfanar mutanen da ake haƙa a ƙasarsu. A watan Yuni suka auka wa sansanin soja na Tazarzait, suka kashe sojoji, suka yi awon gaba da fiye da saba'in. Shugaba Tandja Mamadu ya kafe kan cewa babu wani tawaye a Nijar, 'yan fashi ne da masu safarar ƙwaya, kuma ba ya zama teburi da ɗan fashi. Daga nan sai kalmar "tawaye" ita kanta ta zama abin da ɗan jarida ke furtawa da taka tsantsan. Hukumar sadarwa ta ƙasa, CSC, ta dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas wata uku, ta rufe RFI wata guda a Yuli, ta hana muhawara kai tsaye kan rikicin a gidajen rediyo. A watan Agusta aka sa jihar Agadas cikin dokar ta-ɓaci, hanyar arewa ta toshe wa 'yan jarida. RSF ta ruwaito cewa a wajen wata liyafa ranar 14 ga Yuli, babban hafsan sojojin ƙasar ya yi wa Musa barazanar kisa a gaban jama'a.

To ɗan jaridar da aka hana shi zuwa fagen daga, me ya rage masa? Waya. Musa yana kiran Alambo, Alambo yana kiransa, hukuma kuma tana naɗar maganganunsu a ɓoye. Waɗannan kasa-kasan su ne hujjar da aka ɗora tuhumar a kai: haɗa baki wajen yi wa ikon ƙasa zagon ƙasa, laifin da kan iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai.

A nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna. Na san akwai 'yan Nijar da yawa, masu kishin ƙasa na gaskiya, da suka ji haushin Musa a lokacin. Wanda ɗansa ke cikin sojojin da aka kama a Tazarzait ba zai ji daɗin jin muryar Alambo a rediyo ba. Tsoro kuma ya riga ya sauko kudu: a Disamba 2007 nakiyoyi suka tashi a Maraɗi da Tawa, a Janairu 2008 wata ta tashi da motar Abdu Mahaman, shugaban rediyon R&M, a unguwar Yantala cikin Yamai, ya rasu. Ba na raina wannan ciwo. Amma wannan uban da ɗansa ke hannun 'yan tawaye, ta ina zai san ko yaron na da rai in babu wanda ke iya ɗaga waya ya tambayi wanda ke riƙe da shi? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ƙarya ma a bakin mai ita ake kama ta. Ɗan jaridar da ke labarin yaƙi da bakin ɓangare ɗaya ya zama mai karanta sanarwa. Wanda kuma ke son ɗan bindiga ya riƙa ɗaukar wayarsa dole ya yi masa magana da lafazin da zai sa ya sake ɗauka gobe, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar mutanensa. In aka yanko irin wannan hira aka karanta a ofishin jandarma, za ta yi kama da abota. Musa bai taɓa musun yana magana da 'yan tawaye ba. Cewa ya yi aikinsa ke nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin nan ya faru ne a ofishin alƙali mai bincike. A watan Nuwamba 2007 alƙalin da aka danƙa wa fayil ɗin ya duba kasa-kasan, ya ce ba bisa doka aka naɗe su ba, don haka a fitar da su daga shari'ar. Tun da babu wata hujja bayan su, ya kamata a ce maganar ta mutu ke nan. A tuna yanayin da ya yanke wannan: ƙasa na cikin yaƙi, shugaban ƙasa ya riga ya nuna inda ya dosa, sojoji na cike da fushi, shi kuwa ma'aikacin gwamnati ne da za a iya tura shi wani lungu da takarda ɗaya. Duk da haka ya karanta doka ya faɗi abin da ta ce. Mai shigar da ƙara na gwamnati ya ɗaukaka ƙara nan take, Musa ya ci gaba da zama a kaso. A Fabrairu 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin alƙalin, a Mayu kotun ƙoli ta yi watsi da ƙarar lauyoyin Musa. Aka koma farko.

Ba shi kaɗai aka kama ba. A Oktoba 2007 an tare Ibrahim Manzo Diallo, mai jaridar Aïr Info, a filin jirgin saman Yamai zai tafi Faransa, aka mayar da shi Agadas aka kulle, sai a Fabrairu 2008 aka sake shi. A Disamba aka kama Faransawa biyu, Thomas Dandois da Pierre Creisson, masu yi wa tashar Arte aiki, waɗanda suka saci hanya suka je suka ɗauko hotunan 'yan tawaye. Wata guda suka yi aka ba da belinsu suka koma gida, direbansu ɗan Nijar kuwa sai da ya ƙara makonni a ciki. Waɗanda suka taka har sansanin MNJ sun fita cikin wata, wanda ya yi waya daga Yamai ya shekara.

Mutum a kaso, babban abin da ke cinye shi shi ne mantuwa. Makon farko kowa na magana, wata na uku sai iyali da lauya. Abin da ƙungiyoyin sa ido kan 'yancin jarida suka yi wa Musa shi ne hana wannan mantuwa, kuma aiki ne maras ado. Wani ya je kotu duk ranar zama ya rubuta abin da aka ce. Wani ya riƙe kwanan wata, ya san yau kwana nawa, ya san wane sashe na doka aka taka. A fitar da sanarwa, a aika wa ministan shari'a wasiƙa, in an yi shiru a sake aikawa. RSF ta yi, CPJ daga New York ta yi, gidauniyar MFWA daga Accra ta yi, Amnesty ta ayyana shi fursunan ra'ayi. Mai ɗakinsa ta je har Faransa tana faɗin halin da mijinta ke ciki. Ranar 10 ga Maris 2008 RFI ta keɓe yini guda don tunawa da wakilinta, CSC ta mayar da martani da rufe tashar wata uku a faɗin Nijar.

Sai dai goyon bayan waje yana da nasa nauyi. A lokacin dangantakar Yamai da Paris ta yi tsami, ana zargin kamfanin Areva na Faransa da taimaka wa 'yan tawaye, har an kori shugabansa a Nijar, Dominique Pin, a Yuli 2007. Saboda haka duk ihun da ya taso daga Faransa sai masu ƙin Musa su ce ga shi nan, ɗan koren Faransa ne. Abin da ya rage kaifin wannan zargi shi ne tsayuwar 'yan gida. 'Yan jaridar Nijar sun yi jerin gwano a Yamai suna neman a saki Musa da Manzo, cikinsu har da abokan gogayyarsa a sana'a, domin kowa ya gane cewa in kiran waya ya zama cin amanar ƙasa, to babu wanda wayarsa ta tsira. Sun ɗanɗana kuɗar hakan: a tsakiyar 2008 gwamnati ta rufe Gidan 'Yan Jarida, zauren da ƙungiyoyinsu ke haɗuwa, bisa zargin cewa 'yan waje ke juya shi.

Ranar 23 ga Yuni 2008 babban alƙali mai bincike na Yamai, wanda fayil ɗin ya koma hannunsa, ya ba da umarnin a yi wa Musa sakin talala. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ƙofa ta ci gaba da zama a rufe. Bayan wata guda cif, 23 ga Yuli, alƙalin ya ce ya saurari abin da ake da shi, babu laifin da za a gurfanar da mutumin nan a kai. Nan ma aka ɗaukaka ƙara. Sau uku ke nan alƙalan bincike na buɗe masa hanya ana toshewa. A ƙarshe, ranar 7 ga Oktoba, kotun ɗaukaka ƙara ta sauya tuhumar zuwa wadda ta fi sauƙi, ta sake shi na wucin gadi. Ya fito bayan kwana 384, da sauran tuhuma rataye a wuyansa, ya koma bakin makirfo.

Shekara ba ta zagayo ba Tandja ya shiga neman tazarce, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, ya shirya zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da shi. Cikin watannin da suka biyo baya aka sake buɗe Gidan 'Yan Jarida, aka yi babban taron 'yan jarida na ƙasa, a watan Yuni kuma aka fitar da dokar da ta soke ɗauri kan laifin aikin jarida ta maye shi da tara.

'Yan jaridar sun san cewa soke ɗauri kaɗai ba zai ɗore ba. A Nijar, kamar a Najeriya, akwai jaridun da ke ɓata sunan mutum don an biya su, akwai masu karɓar na goro su juya labari. Duk lokacin da irin wannan ya faru, hukuma na samun dalilin cewa ba a iya barin mutanen nan sakaka. Don haka suka kafa ONIMED, kwamitin da 'yan sana'ar ke hukunta junansu kan ɗa'ar aiki. Wanda jarida ta zalunta zai kai kuka can, a kira marubucin a tambaye shi hujjarsa, in ya kasa a tsawata masa a fili a nemi ya gyara. Kwamitin ba shi da jandarma ba shi da gidan kaso, ƙarfinsa kunya ce a gaban abokan aiki. Ni a ganina wannan shi ne ginshiƙin da ya fi wuyar kafawa, domin yi wa gwamnati ihu ya fi sauƙi a kan ka dubi abokinka da kuke shan shayi tare ka ce masa ƙarya ka rubuta.

Ranar 30 ga Nuwamba 2011 Shugaba Mahamadu Isufu ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain, mai neman ƙasashen Afirka su soke dokokin ɗaure mutum kan ɓata suna da zagin shugabanni. Shi ne shugaba mai ci na farko da ya yi haka, kuma ranar ta zama ranar 'yancin jarida ta ƙasa. A jadawalin RSF na wannan shekara Nijar ta hau matsayi na 29 a duniya, ta wuce Faransa da Amurka.

Abin bai tsaya a nan ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da ɗauri ta bayan gida, da ita aka kulle 'yar jarida Samira Sabu fiye da wata guda a 2020 kan abin da ta rubuta a Facebook game da kuɗin sayen makamai. An sassauta dokar a 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka katse RFI da France 24, a Janairu 2024 aka dakatar da Gidan 'Yan Jarida karo na biyu, a Yuni na shekarar aka mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar intanet, a Disamba kuma aka dakatar da BBC wata uku.