Rabon Adireshi Tsakanin Uwar Manhaja da 'Ya'yanta: Misalin WSGI

A wannan takarda za mu duba yadda babbar manhajar intanet ke miƙa buƙatar mai ziyara ga ƙananan manhajojin da aka dasa a cikinta. Mun ɗauko misalinmu daga WSGI, ƙa'idar da Phillip Eby ya tsara wa harshen Python a shekarar 2003.

Bisa wannan ƙa'ida, adireshin da aka nema yakan kasu gida biyu. Kashi na farko, watau SCRIPT_NAME, shi ne hanyar da aka riga aka bi. Na biyu kuwa, PATH_INFO, shi ne abin da ya rage. Alal misali, idan buƙata ta zo da /kwaleji/laburare/aro, sai uwar manhaja ta gutsure /kwaleji ta sa shi a kashin farko, sa'an nan ta miƙa sauran ga manhajar kwaleji. Ita ma ta yi haka da /laburare. Manhajar laburare /aro kaɗai ya rage mata ta warware, saboda haka ana iya cire ta a dasa wani wuri ba tare da an sake mata tsari ba.

Amma fa a nan ne ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe. Wanda ya rubuta mahaɗi da hannu, ya sa /aro kurum ya manta da kashin farko, to, mai ziyara zai danna ya tarar da kuskuren 404, domin za a nemi /aro ne daga tushen shafin, inda babu shi. A ganinmu laifin ba na ƙa'idar ba ne. Flask ta tanadi url_for, wanda ke liƙa kashin farko da kansa duk lokacin da aka gina mahaɗi.