Bindiga da harsashi a jirgin sama: abin da matafiyi zai sani kafin ya isa filin jirgi

 Ga taƙaitaccen bayanin da aka yi a ɗakin shirye-shiryenmu na Kokomlemle kan tambayar da kuka yi ta aikowa: shin mai lasin bindiga yana iya hawa jirgi da ita?

Amsar ita ce e, amma da sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake ɗaya, tafiyarsa tana iya ƙarewa a ofishin 'yan sanda.

Da farko ka sani, ɗan'uwa, lasin da ke hannunka na Gana ne kaɗai. 'Yan sanda ke bayar da shi, ana sabunta shi kowace shekara, a ƙarƙashin dokokin makamai na 1962 da 1972. Lasin nan bai ba ka damar fita da bindiga daga ƙasa ba. Fita da ita ko shigowa da ita na buƙatar izini daban daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ita ma ƙasar da za ka tana da nata hukunci. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta ce baƙon da zai shiga wata ƙasa da makami ya nemi takardar izini tun kafin ya taso. Wato fasfon ECOWAS ya buɗe maka hanya kai kaɗai, ban da bindigarka. In kuma jirginka zai yada zango a wata ƙasa, dokar can ma ta hau kanka.

Sai kamfanin jirgi. Sanar da su tun lokacin yankan tikiti, kada ka bari sai ranar tafiya, domin wasu kamfanonin ba sa ɗauka sam. In sun yarda, ƙa'idar da aka saba ita ce: a cire harsashi duka daga bindigar, a sa ta cikin akwati mai ƙarfi mai kwaɗo, ka bayyana ta da bakinka a teburin auna kaya, sannan ta tafi cikin ɗakin kaya na jirgi. Jakar hannu ko aljihu, ko kusa!

Harsashi kuwa, ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta ƙayyade kilo 5 ga mutum ɗaya, har da nauyin kwalinsa, kuma ba a haɗa rabon mutum biyu a ƙunshi guda. Dole ya kasance cikin kwalinsa ko akwatin da ya riƙe kowane ɗaya daram. Dalili shi ne, a gindin harsashi akwai wani ɗan maɓalli da bugu ke tayar da shi; in ka zuba su sako-sako cikin jaka tare da makullai, ana jifa da kaya, ka ga an bar wa tsautsayi ƙofa.

Albarushi fa? Nan babu sassauci. Garin albarushin da ake ɗura wa harba-ka-ruga a bukukuwan sarauta ko a Damba, ba ya shiga jirgin fasinja, ko a hannu ko a ɗakin kaya, don tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Haka abin wasan wuta na yara. Bindigar roba da kika saya wa jika tsarabar Sallah, Hajiya, in ta yi kama da ta gaske, kada ki sa ta a jakar hannu.

To, ka ce kai ba ka da bindiga, ina ruwanka? Nan ne gizo ke saƙa. A 2023 jami'an tsaron filayen jiragen Amurka sun kama bindigogi 6,737 a wurin binciken jakar hannu, akasarinsu ɗauke da harsashi. A 2024 kuma an tsare wasu Amurkawa a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da aka tarar a jakunkunansu, alhali dokar wurin a lokacin ta tanadi ɗaurin shekara 12 mafi ƙaranci. Sun ce mantuwa ce. Na'urar haska kaya ba ta san mantuwa ba.

Mu nan zango mun san kanmu da aron jaka da karɓar saƙo. Jakar yayanka mafarauci, ko ta maƙwabcinka mai gadi, kafin ka zuba kayanka ka zazzage ta, ka laluba kowane aljihu har ƙarƙashin shafi. Ko kwanson harsashin da aka riga aka harba yana iya jawo maka tambayoyi har jirgi ya tashi ya bar ka. In akwai laya ko guru da ba ka san abin da aka ɗinke ciki ba, bar shi gida. Saƙon "don Allah miƙa wa ɗana a Jidda" kuwa, a buɗe shi a gabanka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Maniyyata masu tashi daga Ankara ko Tamale, wannan ya fi shafar ku, domin kuɗin kujera na shekaru ne, kuma Saudiyya ba ta wasa da batun makami.

In ka tsinci harsashi a kayanka tun kana gida, kai shi ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kuwa sai a filin jirgi ka lura, kada ka jefa a kwandon shara ko ka ɓoye; kira jami'in tsaro ka faɗa masa kafin jakar ta shiga na'ura.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi cikin iyalinsa.