Kyanwa da Abin da Ta Ke Kawowa Ɗaki

Da wuya a sami zauren malami ko rumfar ɗan kasuwa da ba ta bukatar kyanwa. Ɓera ba ya kunyar gafaka, ba ya kunyar buhun gero. Littafin da aka shekara ana kwafa da hannu, dare ɗaya ya ishe shi ya ɓata. Amma mai kyanwa ya san wani halinta: idan ta yi kamu sai ta shigo da shi ɗaki, ta ajiye a bakin gado ko bisa buzun salla. Wani sa'i ma da sauran ransa, ta yi ta wasa da shi har ya kufce mata ya shige bayan randa.

Waɗansu kan ce kyauta ce ta ke yi wa maigida. Abin da masu lura da halin dabbobi suka gani shi ne, uwa kan kawo wa 'ya'yanta matacce tukuna, sa'an nan mai rai, don su koyi kamu. Wadda ba ta da 'ya'ya kuwa takan kai abinta inda ta amince ba mai ƙwace mata. Ba yunwa kaɗai ke sa ta farauta ba, ƙosasshiya ma tana yi. Ga jaɓa nan, sau da yawa takan kashe ta ta bar ta saboda wari. Saboda haka mai hana kyanwa abinci wai don ta ƙara himma, alhaki kurum ya ke ɗauka, ga kuwa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

To, ina hukunci? A mazhabar Maliku kyanwa mai tsarki ce, da ita da yawunta, hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa shi ne hujja. Sauran ruwan da ta sha ana alwala da shi, don tsare shi daga gare ta da wuya. Sai fa idan an ga jini a bakinta sa'ad da ta ke sha: in ruwan ya sāke launi, ko ɗanɗano, ko wari, ya ɓaci, in kaɗan ne bai sāke ba, makaruhi ne ga wanda ya ke da wani. Abin da ta kawo kuwa hukuncinsa dabam. Ɓera da tsuntsu masu jini mai gudana ne, mushensu najasa ne, ba kamar fara ko kyankyaso ba. Idan jini ko danshi ya taɓa buzu, a wanke wurin. Busasshe bisa busasshe ba ya najastarwa. Tantabarar da ta kashe ba ta ciwuwa. 'Yan kasuwa su lura da wannan: idan ɓeran da ya kufce mata ya mutu cikin man shanu daskararre, a zubar da shi da abin da ke kewaye da shi, sauran halal ne. In cikin man gyada ne ko narkakkiyar zuma, duka ba a ci.

Akwai kuma abin da ya wuce wankin buzu. A 1969 aka gane wani zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Barno, aka sa masa sunan garin. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi, ba ya cutar da ɓeran, amma yana fita ta fitsarinsa da kashinsa, ya fi kuwa yaɗuwa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta ajiye kyanwa cikin hanyoyin tsaro, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida. Sai dai kyanwar nan ita ce ke ɗauko ɓeran daga rumbu ta kawo inda yara ke rarrafe. Kada a ɗauke shi da hannu tsirara, kada kuma a aiki yaro ya ja shi da wutsiya, abin da aka saba. A sa leda a hannu ko a kwashe da shebur, a binne da zurfi, a wanke wurin da hannuwa da sabulu. Mai kyanwa kuma ya guji maganin ɓera, don in ta ci wanda ya ci guba ita ma tana iya mutuwa.

Ana iya rage kawowar. A 2021 masana a Jami'ar Exeter ta Ingila suka gwada, suka iske abinci mai yawan nama ya rage abin da kyanwoyi ke kawowa gida da kashi 36 cikin 100, wasa da su na minti 5 zuwa 10 kullum ya rage kashi 25, ƙararrawar wuya kuwa ba ta nuna wani amfani ba. Su can tsuntsayen lambu su ke wa tsoro. Mai rumbu ba ya son kyanwarsa ta bar kamu, wurin kaiwa kaɗai ya ke so ta sāke. Da almuru da asuba ta fi fita, sai a ja ƙofar ɗakin kwana da na littattafai a lokutan nan, a bar mata tsakar gida da gindin rumbu.