Hotspot: daga Wi-Fi na kyauta zuwa gyambon kare

Idan ka rubuta "hotspot" a Google kana neman yadda za ka raba data da abokinka, kada ka yi mamaki in hoton kare mai jan gyambo a wuya ya faɗo cikin sakamakon. Ba kuskure ba ne. Kalmar ta Turanci ce, ma'anarta "wuri mai zafi", masana kwamfuta da likitocin dabbobi kuma kowa ya ɗauke ta ya yi nasa amfani da ita. Abin da ya haɗa su shi ne, a duka biyun akwai wata 'yar ƙofa da ta buɗe, kuma ba kai ke zaɓar mai shigowa ba.

Bari mu fara da wanda ka fi sani. Hotspot na intanet wuri ne da wata na'ura, ko rauta ko MiFi ko wayar hannu, take karɓo intanet daga kamfanin sadarwa ta watsa shi a iska ta igiyar rediyo. Ka lura, Wi-Fi ba shi ne intanet ɗin ba. Gajeren bututu ne kawai tsakanin wayarka da na'urar. Shi ya sa wani lokaci za ka ga alamar Wi-Fi ta cika fal amma shafi ya ƙi buɗewa: bututun lafiyarsa ƙalau, ruwan ne babu. An fitar da ƙa'idar wannan fasaha mai lamba 802.11 a 1997, sunan Wi-Fi kuma ya biyo baya a 1999. Yawanci tana aiki a zangon gigahaz 2.4 ko 5. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, na 5 ya fi gudu.

To ina haɗarin? Igiyar rediyo ba ta san mai ita ba. A hotspot ɗin da ba shi da kalmar sirri, irin na filin jirgi ko otal, saƙon da ke tashi daga wayarka yana bi ta iskar da kowa ke ciki. Gaskiya dai ana ɗan zuzuta wannan, don yawancin shafuka yanzu adireshinsu da https yake farawa, wato suna kulle bayananka kafin su bar wayar. Abin da ya fi damuna shi ne hotspot na bogi. Sunan da kake gani a jeri, kowa na iya rubuta shi. Mutum zai zauna kusa da kai, ya buɗe nasa da sunan otal ɗin, kana shiga sai shafi ya fito yana neman kalmar sirrin imel ɗinka ko lambar katin banki. Kar ka ba shi. Ka tambayi ma'aikatan wurin ainihin sunan, ka hana wayarka shiga hotspot da kanta, harkar banki kuwa ka yi ta da datarka. Naka hotspot ɗin ma, don Allah a daina sa masa 12345678.

Yanzu ga na kare. Nan ƙofar ita ce fata. Abin yakan fara ne da ƙaiƙayi: cizon ƙuma ko kaska, ciwon kunne, ko gashin da ya jiƙe bai bushe ba. Kare ya yi ta susa da lasa da cizo har saman fatar ya saluɓe. Akwai wata bakteriya, Staphylococcus pseudintermedius, da ke zaune a jikin karnuka masu lafiya ba tare da ta yi musu komai ba. Da fata ta buɗe sai ta samu wuri mai ɗumi da laima ta hayayyafa. Wurin ya kumbura ya yi ja, yana tsattsafo da ruwa, ƙaiƙayin ya ƙaru, susar ma ta ƙaru. Wannan zagayen ne ke sa ɗan tabon da ka gani da safe ya kai faɗin tafin hannu kafin dare. In ka taɓa gefensa za ka ji zafi, ka ga inda sunan ya samo asali ke nan.

Karnuka masu kaurin gashi, kamar Alsatian da ake yawan ajiyewa don gadi, su suka fi kamuwa, musamman lokacin zafi da damina. Kyanwa ma takan yi, sai dai ba kamar kare ba.

Likitan dabbobi zai aske gashin kewaye don iska ta shiga, kuma sau da yawa sai an aske ake ganin gyambon ya fi yadda aka zata girma. Zai wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su kiloheksidin, ya ba da maganin ƙaiƙayi, ya sa wa karen kwalar roba mai kama da mazurari don bakinsa ya daina kaiwa wurin. Sannan a nemi tushen, don in ƙuma ce ba a kashe ta ba, zai dawo.

Baƙin man inji da wasu ke shafawa ba magani ba ne. Yana ƙona fata, kuma karen zai lashe shi. Haka maganin mutane: ibufurofen na iya lalata ciki da ƙodar kare, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Idan ƙudaje sun fara bin gyambon, kada ka bari a kwana, domin ƙwan da suka saka kan zama tsutsa cikin kwana ɗaya.